Jiran Klorin

Litinin, 3 ga Fabrairu

Hazo tun asuba. Rabin ajin cikin rigar sanyi.

Sunaye uku a allo: 1-klorobutan, 1-buromobutan, 1-ayodobutan. Gangar jiki iri ɗaya, kabon huɗu a jere, bambancin kawai wanda ke rataye a ƙarshe. Tambaya: in ruwa ya far musu, wanne zai riga sakin halojin ɗinsa ya koma butanol? A ɗaga hannu. Kusan kowa klorin. Hujjarsu ba ta banza ba ce: klorin ya fi jan ilaktiron, 3.16 a ma'aunin Pauling, buromin 2.96, ayodin 2.66, kabon 2.55. Kabon ɗin da ke maƙale da klorin shi aka fi ƙwace wa ilaktiron, don haka shi ruwa zai fara kai wa hari. Haka suka gani. Yarinya ɗaya a layin taga ta ɗaga wa ayodin, hannun ma rabi da rabi. Buromin ba mai so.

"Malama, to wanne ne?" Na ce gani ya kori ji, za mu shiga ɗakin gwaji in Allah ya yarda.

Bayan azahar sito, ni da Baba mai kula da ɗakin gwaji. Klorobutan akwai, kwalba kusan cike. Buromobutan rabi. Ayodobutan ɗan kaɗan a gindi, kuma launinsa ba daidai ba. Itanol akwai. Silba naitiret kuwa, sai ka karkata kwalbar ka gan shi.

Talata, 4 ga Fabrairu

Lissafin azurfa. Mol ɗaya na silba naitiret giram 169.9. A 0.05 mol cikin lita, giram 8.5 ke nan. Mililita 100 ba ta cin ko giram guda, 0.85. Kowane bututu mililita 1. Ga aji, ga share fage, ga maimaici in wani abu ya ɓaci: giram 2 ya wadatar. Wanda muke da shi bai kai ba, ya kuma yi toka-toka, haske ya taɓa shi.

Takardar neman saye ta tafi ofis. An ce a saurara.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Baba ya ce, "Malama, bar maganar azurfa tukuna, fara da ruwa." Ya narkar da ragowar gindin kwalba, muka bi ruwan makaranta ɗaya bayan ɗaya. Na burtsatse: ɗigo ɗaya, fari nan take. Na leda: da dama-dama, amma a gaban baƙin kwali ana ganin ya dushe. Kloraid ne, da wuya ruwan sha ya rasa shi. Da irin wannan ruwa duk bututan za su yi fari tun ba a ɗiga komai ba, klorin ya ci gasar da bai shiga ba.

Sai ruwan tururi. Injin yana nan lafiya ƙalau, amma sai da wuta. Ba wuta tun shekaranjiya. Baba zai samo ruwan batir a kasuwa mu gwada, ya ce wani na kirki ne, wani kuma ruwan famfo ne aka sa wa suna.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ba wuta, ba azurfa. Ruwan batir ya faɗi gwaji, ya dushe shi ma. Darasin suna da zane a aji. Kaina na sarawa.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Wuta cikin dare. Baba yana kusa da makaranta, ya taso ya kunna injin. Da safe na tarar da ruwan tururi a kwalbar gilashi, an rufe, an rubuta. Ɗigon azurfa a ciki: garau. Na ji daɗi har cikin raina, na rasa irin godiyar da zan yi masa. Ya ce aikinsa ne.

Yanzu ayodobutan. Asalinsa ba shi da launi kamar sauran, namu ya yi ja-ja. Haske ya riga ya tsinka wasu daga cikin ɗaurin C–I, ayodin ya fita yana yawo a ciki. Na so in ɗauki kwalbar in kai aji, amsar tana cikinta: biyu sun shekara a kan kanta ɗaya ba su sauya ba, na ukun hasken taga kawai ya ishe shi. Na fasa. Tukuna.

Damuwar ita ce, ayodin ɗin da ya riga ya fita zai kama azurfa nan take. Bututun zai yi ruwan ɗorawa da wuri, yara su tafa, alhali ba ruwa ne ya yi aikin ba. Amsa daidai, dalili na ƙarya. Ba na so.

Hanya biyu. A wanke da tayosalfet, launin ya tafi nan da nan, amma ko ɗan ɓurɓushinsa ya rage zai ɓata azurfa ya baƙanta bututu. Ko a jefa jan ƙarfe a jira. Baba ya fere tsohuwar wayar wuta, ya kankare ta har ta yi ƙyalli, ya yayyanka ya zuba. An naɗe kwalbar da baƙar leda, cikin kabad.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wanki, cefane, takardun gwaji na makon jiya. Bayan yara sun kwanta na buɗe littattafai biyu gefe da gefe.

Ƙarfin ɗauri, kilojul a kowane mol. Na farko: C–F 484, C–Cl 338, C–Br 276, C–I 238. Na biyu: 467, 346, 290, 228. Ba su yi daidai ba, don matsakaici ne da aka tattaro daga mahaɗai daban-daban, amma jerin bai sauya ba. Tsayin ɗauri kuma akasin haka: C–Cl wajen pikomita 177, C–Br 194, C–I 214. Babban atom, dogon ɗauri, sakwa-sakwa.

Abu biyu ke ja, kowanne gefensa. Karkatar ilaktiron na cewa klorin, ƙarfin ɗauri na cewa ayodin. A takarda duka biyu suna da baki. Wanda ya fi nauyi, bututu ne kaɗai zai faɗa. Abin da nake so su ɗauka ke nan, ya fi jerin kansa muhimmanci.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Azurfa shiru. Kwalbar kabad ta ɗan washe, ko idona ne.

A aji na zana yadda gwajin zai kasance. Ruwa ne mai kai hari, oksijin ɗinsa da ilaktiron biyu da ba su da aiki. Halojin ya fita a matsayin ayon, azurfa na jira, ta cafke shi su kwanta a matsayin laka. Kloraid fari fat, buromaid ruwan madara, ayodaid ruwan ɗorawa. Itanol kuma don mahaɗan nan uku, halojinoalkan, ba sa shiga ruwa, sai an samu mai haɗa su. Wani ya tambaya me ya sa ba za a sa sodiyam haidiroksaid ba tunda ya fi ruwa zafin nama. Don zai fara cin azurfar, laka mai ruwan ƙasa ta rufe komai, ba a ga fari ba a ga ɗorawa.

Sai gardama. Yaron bakin ƙofa, shi ne jagoran 'yan klorin, yana da lambobin Pauling a ka. Yarinyar taga ta yi magana yau, murya ƙasa-ƙasa: ai mun karanta HI ya fi HCl ƙarfin asid, saboda ayodin ya fi saurin sakin haidirojin. In ya saki haidirojin da sauƙi, me zai hana ya saki kabon? Ajin ya yi tsit. Na juya ina goge allo don kada fuskata ta ba da amsa.

Talata, 11 ga Fabrairu

Azurfa ta iso! 'Yar kwalba mai duhu, a tafin hannu take ɓacewa. An ce in sa hannu, na sa. Mun auna 0.85, mililita 100, sauran a kulle. Zuwa la'asar yatsun Baba biyu sun yi baƙi. Ya ce sai fatar ta sake, ya saba.

Ayodobutan: saura ɗan ɗorawa-ɗorawa, jan ƙarfen ya yi fari-fari a jiki. Na tsiyayi kaɗan, na girgiza da ruwan tururi mai sanyi, na ɗebi ruwan saman na ɗiga azurfa. Kusan garau. Kusan.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Share fage, ni da Baba, ƙofa a rufe.

Ba wuta a buɗe kusa da itanol. An dafa ruwa a risho can baranda, aka shigo da shi a filas. Bika, sirki da ruwan sanyi har digiri 55. Ba na son ya wuce 60, klorobutan da itanol duka a 78 suke tafasa, in suka yi zafi sosai za su gudu su bar bututu. Bututu huɗu, kowanne itanol mililita 1. Uku da ɗigo bibbiyu na abin gwaji, kowanne da maɗigarsa. Na huɗu itanol zalla, shi ne shaida. Azurfa a nata bututan cikin bika ɗaya, su ɗau zafi tare. Zuba, girgiza, danna agogon waya.

Ayodin bai bari minti ya cika ba. Dishi-dishi, sai ɗorawa, sai laka na sauka a hankali. Buromin ya ja lokaci, har na fara tunanin ko kwalbar ta lalace, sai ga shi, wani hayaƙi-hayaƙi daga tsakiya, bayan wasu mintuna ruwan madara sosai. Klorin: ba komai.

Muka zauna. Ruwan bika ya sauka 45, aka ƙara na filas. Ba komai. Ƙararrawar tashi. Ba komai. Na ɗaga shi tare da na huɗu a gaban baƙin kwali, ba ka iya cewa ga wannan ga wancan. Baba ya tafi sallah ya dawo, ina nan.

An toshe su biyun, an naɗe, kabad.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Barci bai yi ba. Tambaya ta tsaya mini: ɗigo biyu na wannan da ɗigo biyu na wancan, adalci ne? Ayodobutan ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Na tashi na lissafa. Nauyin mol 92.6, 137, 184. Nauyin mililita ɗaya giram 0.89, 1.27, 1.62. Raba: 0.0096, 0.0093, 0.0088 mol a mililita. Kusan kai ɗaya, kuma ɗan bambancin ma klorin yake taimako. Hankalina ya kwanta.

Saura maganar tsayar da agogo. Yaushe ne "ya dushe"? Idon kowa daban. Alamar X a farin kati bayan bututu, a tsaya in ta ɓace, mutum ɗaya ke kallo a kowace ƙungiya daga farko har ƙarshe. Ga ayodin da buromin zai yi. Ga klorin X ba za ta ɓace ba a cikin darasi ɗaya. Me za su rubuta a gurbin? Kada su bar shi fayau, kada su ƙirƙiri lamba. "Bai sauya ba cikin minti kaza, daidai da shaida." Wannan ma sakamako ne, in dai shaidar na nan a gefe.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na leƙa kabad. Na klorin ya ɗan dushe, ƙura-ƙura a gindi, fara. Na huɗu garau. Ashe yana tafiya, sannu ne kawai. Na nuna wa Baba, ya gyaɗa kai ya ce, "Ai ba ƙi ya yi ba."

Litinin, 17 ga Fabrairu

Ba a yi ba. Kati a yanke, bututu a wanke, filas cike. An kira mu, aka sallami yara da wuri. Na zubar da ruwan zafin.

Talata, 18 ga Fabrairu

An yi.

Hayaniya, warin itanol, tagogi a buɗe, ƙura na shigowa. Lokacin da ɗorawa ta fito a teburin farko wata ta yi ihu. Daga nan tebur bayan tebur. Yarinyar taga ba ta ce komai ba, ta sunkuya tana rubutu, kunnenta kawai ke nuna murna. Lokutan sun sha bamban tsakanin ƙungiyoyi, wasu ruwansu ya huce, wasu hannunsu ya yi nauyi wajen ɗigo, amma jeri ɗaya: ayodin, buromin, klorin na can baya.

Ban da tebur ɗaya. Na yaron bakin ƙofa, ba kowa ba. Klorin ɗinsu ya yi fari kafin ma su ajiye bututun. Ya ɗaga shi sama: "Malama, ga shi!" Shaidarsu garau.

Zuciyata ta faɗi. Abu mafi sauƙi in ce kuskure ne, sauran ajin duk sun samu akasin haka. Amma ni na ce musu gani ya kori ji, shi kuma ya gani. Na ce a kawo ruwan amoniya mai sirki. Lakar ta narke tas. Silba kloraid ce ke nan, da ta buromin ce sai amoniya mai kauri, ta ayodin kuwa ba ta narkewa sam. Don haka ba maɗiga aka cakuɗa ba. Kloraid ne na gaske. Daga ina, shi ne ba mu sani ba. Na sa aka zuba asid na naitirik a kai aka juye nan take, azurfa da amoniya ba a barinsu su kwana, suna iya haifar da abin fashewa.

Na ce su rubuta abin da suka gani yadda suka gan shi. Za a sake.

Gida a gajiye. Ban iya cin abinci sosai ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Wanke bututu. Duk lakar a kwalba ɗaya, Baba na tara ta, ya ce azurfa ba a zubar da ita a kwata. Wadda ta kwana a bakin taga ta koma shuɗi-shuɗi zuwa toka. Aikin da fim ɗin hoto na dā ke yi ke nan.

Na ce da shi yaran sun kasa haɗiye maganar, klorin ya fi kowa ja amma ya fi kowa riƙo. Ya yi dariya. "Malama, ai ba gidan da aka fi jin hayaniya ba ne aure ke mutuwa. Igiyar ake dubawa." Zan ara in kai aji.

Teburin jiya: ko an ɗauraye bututun da ruwan burtsatse, ko wani abu dabam. Ina tuna yadda yaron ke girgizawa. Ina jin da babban yatsa ya toshe bakin. Gumi gishiri ne.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Kashi na biyu na darasin: halojin ɗaya, gangar jiki daban. Ba mu da mai rassa uku a sito, amma akwai 2-metilfurofan-2-ol. Na ɗauko kwalbar, a daskare, sanyin safiya ya ishe ta tunda wajen digiri 25 take narkewa. Ruwan ɗumi, ta saki.

Mazurarin rabewa, asid na haidirokulorik mai kauri, girgiza, saki iska, girgiza. Hawa biyu, na sama shi ne namu, 2-kloro-2-metilfurofan. Wanki da baikabonet har kumfa ta daina, sai ruwan tururi, sai busarwa da sodiyam salfet. Ban sa kalsiyam kloraid ba, kloraid ya ishe ni haka. A 51 yake tafasa, don haka shi a sanyi za a gwada.

Ɗigo biyu, itanol, azurfa, ba ɗumi ba komai. Fari nan take. Kafin in kai hannu ga waya.

Klorin ne fa. Ɗaurin C–Cl ɗin nan da ya zaunar da ni har bayan tashi. Na san haka zai faru, na sha karantawa, amma sai da tsigar jikina ta tashi.

Sai shakka ta biyo baya, irin ta ayodin: ko ragowar asid ne? Ruwan wanki na ƙarshe bai juya takardar litmos ba. In an samu wuta zan tace shi ta tururi in sake.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na nuna musu. Ajin ya rikice, 'yan klorin sun farfaɗo. "Malama, kin ce klorin ne na ƙarshe!" Na ce na ƙarshe a tsakanin waɗanda jikinsu ɗaya.

Hanya biyu a allo. A 1-klorobutan ruwa sai ya zagayo ta bayan kabon ya tura, halojin na fita yana shiga, taki ɗaya, SN2. A mai rassa uku bayan a toshe yake da metil uku, ba wurin shiga. Amma waɗannan ukun su ke tallafar kabon in klorin ya tafi ya bar shi da cajin tabbas, don haka klorin na iya ficewa da kansa, ruwa ya zo daga baya, SN1. Edward Hughes da Christopher Ingold suka warware wannan a Landan cikin shekarun 1930, ta hanyar auna sauri, abin da muke yi da agogon waya. Na ba su misalin da ke ba ni mamaki kullum: a ruwa zalla, digiri 25, rabin mai rassa ukun nan na ƙarewa cikin ƙasa da rabin minti, klorometan kuwa sai ya kusa shekara.

Wasu sun kama, wasu idanu kawai. Lokaci ya ƙure, masu masallaci sun fara tattara jaka.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Zazzaɓi kaɗan. Kwance yawancin yini.

Tunanin bututun da ya ƙi sauyawa. A ɗakin gwaji abin haushi ne, a waje kuwa shi ne babbar magana. Gammalin 20 da aka riƙa zubawa a rafi da tafki don kashe kifi, lindan ne, zoben kabon shida da klorin shida. Ruwa ba ya cinsa da sauri, sai ya daɗe, ya taru a kitsen kifi, ya shiga tukunya. An sa shi cikin jerin Yarjejeniyar Stockholm a 2009. Gas ɗin tsofaffin firij, CFC, kabon da klorin da fulorin, ruwan sama ba ya taɓa shi, yana nan har ya hau can sama inda hasken rana mai ƙarfi ke tsinka C–Cl ya bar C–F, klorin ya shiga cin ozon. Molina da Rowland suka yi gargaɗi a 1974, aka sa hannu a Montreal a 1987. Ko a can saman, mai rauni a cikin biyun ne ya tsinke. C–F kuwa shi ya sa ba wanda ke wahalar sa fulorobutan a wannan gwaji, shi ne kuma a jikin kaskon da abinci ba ya kamawa.

Ina so in ba su wannan kafin jarrabawa, ko minti goma ne. Su san jiran da suka yi ranar Talata yana da ma'ana a bakin kogi.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Jiki da sauƙi. Maimaici da teburin nan lokacin hutun tara, da ragowar azurfa. Bututu sabbin wanki da ruwan tururi, ni na tsaya a kai. Klorobutan biyu: ɗaya a toshe da toton kwalba, ɗaya na ce ya toshe da yatsa yadda ya saba. Na uku itanol da azurfa kawai, shi ma da yatsa.

Mai toto garau. Masu yatsa biyun sun dushe, har wanda ba klorobutan a ciki. Bai kai farin ranar Talata ba, amma an gani. Ya daɗe yana kallon yatsansa. Na ce ya wanke da sauri, zai yi baƙi duk da haka.

"Na yarda, Malama." Sai kuma bai tafi ba. "Amma azurfar nan fa? Kin ce lakar ayodin ko amoniya ba ta narkar da ita. Ashe azurfa ta fi son ayodin. Ba ita ke jawo shi ba? In babu ita, jerin zai tsaya haka?"

Na tsaya. Gaskiyarsa. Azurfa ba jira kawai take ba, tana kama halojin tun yana maƙale tana taya shi fita, kuma ayodin ta fi riƙewa. Na ce masa tambayar ta fi duk wadda na yi a allo.

Talata, 25 ga Fabrairu

Daren jiya cikin littattafai. A ruwa zalla ba azurfa, digiri 25, an auna 'yan gidan metan: buromometan rabinsa na ƙarewa a wajen kwana 20, ayodometan sai ya haura 100, klorometan kusan shekara. Buromin ya riga ayodin. Klorin na nan a baya, fulorin ya fi shi nisa, amma gaban jerin ya juya. Na karanta layin har sau nawa.

A jarrabawa amsar da ake nema tana nan yadda take, ayodin, buromin, klorin, saboda ƙarfin ɗauri, kuma da azurfa abin da muka gani ke nan. Zan faɗa musu haka ƙarara don kada su rikice. Amma wannan ma zan faɗa, ko da ga mutum biyun nan ne.

Azurfa ta ƙare, ba ma buƙatarta. Kowane halojin da ya fita yana barin asid a baya, ruwan alama mai sauya launi zai nuna. Ba mai taya su, don haka abin zai yi nawa sosai, ba aikin darasi ɗaya ba ne. Toshe da kyau, duhu, leƙawa safe da yamma, shaida a gefe. Ayodobutan saura ɗan abin da bai fi ɗigo goma ba, in ya sake yin ja a hanya an rasa. Baba ya ce akwai ruwan alama a sito amma tsoho ne, sai an gwada.

Azumi Asabar ko Lahadi, sai an ga wata. Za a rage lokutan darasi. Yaron ya ce zai riƙa zuwa da wuri ya duba, yarinyar ta ce ita za ta riƙe littafin rubutu.

Na gobe: toto huɗu masu kama baki, baƙar leda, ruwan tururi in an kawo wuta. A tambayi shugaban sashe makullin kabad na biyu.